Kar Ta San Kar: Darasin da makaman nukiliyar Indiya da Pakistan ke bai wa Najeriya

Duk shekara idan hunturu ya kankama, hazo kan lulluɓe garin Wudil har mai tsallaka gadar kogin ya riƙa hango ɗaya ƙetaren dishi-dishi. A Sabon Gari masu shaguna kan wayi gari suna kakkaɓe ƙurar da iska ta kwaso daga Sahara, kuma ba wanda ke jin tsoronta, in ban da mura da tari da kaushin da takan bari. Amma an taɓa yin wani hunturu da wannan ƙura ta tayar da hankalin Najeriya baki ɗaya.

A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya, wurin da nisansa daga Kano bai kai kilomita 2,000 ba. Ƙarfinsa ya ninka na bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima wajen sau huɗu. Wata taswirar rundunar sojin Faransa da aka fitar daga sirri, wadda jaridar Le Parisien ta wallafa a 2014, ta nuna burbushin gwajin ya isa N'Djamena da Bamako, ya kuma kai har kudancin Turai cikin mako biyu. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disambar 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ba ta wuce wata uku da karɓar mulkin kai ba, ta kori jakadan Faransa a watan Janairun 1961, ta kuma hana jiragen sama da na ruwan ƙasar shigowa Najeriya.

Wannan tarihi ya dace a tuna da shi a yau, domin tun bayan arangamar da Indiya da Pakistan suka yi a watan Mayun 2025, wata tambaya takan taso a majalisun matasa da shafukan sada zumunta: idan bam ɗin nukiliya ne ya sa Indiya ba ta iya murƙushe Pakistan ba, me ya hana Najeriya mallakar nata? Amsar tana buƙatar a fara fahimtar abin da wannan makami yake hanawa, da kuma abin da ba ya hanawa.

Mece ce dabarar kar-ta-san-kar?

Manufar mallakar makamin nukiliya a wajen ƙasashen da ke da shi ita ce a sanar da abokin gaba cewa duk harin da ya kawo, ramuwar da za ta biyo baya za ta fi ƙarfin duk wata riba da yake hange. Idan ɓangarorin biyu suna da wannan ƙarfi, kowa sai ya kama kansa. Abin da Bahaushe ke kira kar ta san kar ke nan.

Dabarar tana tsaye ne a kan sharuɗɗa uku. Na farko, dole ƙasa ta iya mayar da martani ko da an riga ta kai hari. Shi ya sa ake ɓoye makaman a wurare daban-daban, wasu a kan manyan motoci masu yawo, wasu a cikin jiragen ruwa masu tafiya a ƙarƙashin teku. Na biyu, dole abokin gaba ya yarda cewa barazanar ba cika baki ba ce. Na uku, wanda ya fi kowanne rauni, dole shugabannin ɓangarorin biyu su kasance cikin hayyacinsu, su samu sahihin labari, kuma su samu lokacin yin tunani kafin su yanke hukunci.

A zamanin yaƙin cacar baka, makami mai linzami da aka harbo daga Tarayyar Sobiyet kan ɗauki kusan rabin sa'a kafin ya isa Amurka. Tsakanin maƙwabta babu wannan sarari. Daga birnin Lahore na Pakistan zuwa kan iyakar Indiya bai kai nisan Wudil zuwa birnin Kano ba. Mintoci kaɗan ne tsakanin harbi da saukar makami, kuma a cikinsu ne shugaba zai tantance ko abin da na'ura ta nuna masa gaskiya ne ko kuskure.

Yadda maƙwabtan biyu suka kai ga bam

Indiya da Pakistan ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. An raba su a watan Agustan 1947, rabuwar da ta kori mutane fiye da miliyan goma daga gidajensu, ta kuma lashe rayuka ɗaruruwan dubbai. Tun a wannan shekara suka fara yaƙi a kan yankin Kashmir. Sun sake gwabzawa a 1965, sannan a 1971, lokacin da Pakistan ta sha kaye, ɓangarenta na gabas ya ɓalle ya zama Bangladesh.

Sarƙar makaman ta faro ne daga wata maƙwabciyar ta uku. Sin ta doke Indiya a yaƙin kan iyaka na 1962, ta kuma gwada bam ɗinta a watan Oktoban 1964. Indiya ta ga ba ta da mafita, ta yi nata gwajin a Pokhran a ranar 18 ga Mayun 1974. Ita kuwa Pakistan, wadda raɗaɗin 1971 bai bar ta ba, shugabanta Zulfikar Ali Bhutto ya riga ya sha alwashin cewa ko da ciyawa al'ummarsa za ta ci, sai ta mallaki nata. A ranakun 11 da 13 ga Mayun 1998 Indiya ta yi jerin gwaje-gwaje. Pakistan ta mayar da martani a ranakun 28 da 30 ga watan a lardin Balochistan. Tsoron wannan ne ya haifi makamin wancan, kuma kowanne yana rantsuwa cewa kare kansa kawai yake yi.

Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Stockholm ta ƙiyasta a 2025 cewa Indiya na da kawunan makaman nukiliya kusan 180, Pakistan kuma kusan 170. Manufofinsu sun sha bamban. Indiya ta ce ba za ta fara amfani da makamin ba sai an fara harbo mata. Pakistan ta ƙi yin irin wannan alkawari, domin sojojin Indiya sun fi nata yawa da kayan aiki, kuma bam ɗin ne take ganin yana cike mata wannan giɓi.

Ya hana babban yaƙi, ya buɗe ƙofar ƙanana

Masu goyon bayan dabarar suna da hujja mai ƙarfi: tun daga 1971 ƙasashen biyu ba su sake yin yaƙin gama-gari ba. Sai dai lissafin bai ƙare a nan ba. Shekara guda kacal bayan gwaje-gwajen 1998, kuma watanni kaɗan bayan firaministocinsu sun sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya a Lahore, dakarun Pakistan suka kutsa tsaunukan Kargil, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi daga Mayu zuwa Yulin 1999, ɗaruruwan sojoji suka mutu a kowane ɓangare.

Masana harkar tsaro sun daɗe da lura da wannan tufka da warwara. Idan kowa ya tabbata cewa ɗan'uwansa ba zai kuskura ya faɗaɗa yaƙi ba, sai ya samu ƙwarin gwiwar tsokana a ƙaramin mataki. A watan Disambar 2001 'yan bindiga suka kai hari majalisar dokokin Indiya, ƙasashen biyu suka jibge sojoji ɗaruruwan dubbai a kan iyaka na tsawon kusan wata goma. A Nuwambar 2008 aka kashe mutane fiye da 160 a Mumbai. A Fabrairun 2019 harin ƙunar baƙin wake ya kashe jami'an tsaron Indiya 40 a Pulwama, jiragen yaƙin Indiya suka kai hari Balakot a cikin Pakistan. A kowane karo Indiya na zargin ƙungiyoyin da ke da mazauni a Pakistan, ita kuwa gwamnatin Pakistan na musanta hannu a ciki.

Abin lura shi ne kowane zagaye yana ɗara na baya. Bayan an kashe mutane 26, galibinsu masu yawon buɗe ido, a Pahalgam da ke Kashmir ranar 22 ga Afrilun 2025, Indiya ta jingine yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus ta 1960, wadda ta tsallake dukkan yaƙe-yaƙen baya ba tare da an taɓa ta ba. A ranar 7 ga Mayu ta harba makamai masu linzami cikin Pakistan. An kwana huɗu ana musayar wuta da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami, har aka kai ga sansanonin sojin sama, kafin a tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu. Shugaba Donald Trump ya ce Amurka ce ta shiga tsakani. Indiya ta dage cewa hafsoshin ƙasashen biyu ne suka sasanta kai tsaye.

Akwai kuma haɗarin da babu wanda ya shirya shi. A ranar 9 ga Maris ɗin 2022 wani makami mai linzami samfurin BrahMos ya kuɓuce wa sojin saman Indiya bisa kuskure, ya faɗa a Mian Channu cikin lardin Punjab na Pakistan. Bai ɗauke da kan nukiliya ba, bai kuma kashe kowa ba, daga baya Indiya ta sallami hafsoshi uku. Da wannan kuskure ya faru a cikin kwanaki huɗun Mayun 2025, ba wanda zai iya cewa ga inda lamarin zai tsaya.

Ƙasashen biyu sun san haka, shi ya sa suka bar wasu ƙofofi a buɗe. Bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a 1988, duk ranar 1 ga Janairu sukan yi musayar jerin cibiyoyinsu na nukiliya da alkawarin ba za a kai musu hari ba, kuma sun ci gaba da yin haka tun 1992 ko a shekarun da ba sa ga-maciji. Akwai kuma layin waya na musamman tsakanin manyan hafsoshinsu. Bam ɗin kaɗai bai taɓa tsayar da wata arangama ba. Sai da wani ya ɗaga waya.

Ina ruwan mutumin Wudil?

Alaƙar Najeriya da ƙasashen biyu ta wuce finafinan Indiya da Kanawa suka daɗe suna kallo. Hafsoshin Indiya ne suka taimaka wajen kafa Kwalejin Horar da Hafsoshin Soji ta Kaduna a 1964. Daga Pakistan kuma rundunar sojin saman Najeriya ta sayi jiragen yaƙi uku samfurin JF-17, waɗanda suka fara aiki a 2021. Baburan Bajaj da TVS da Adaidaita Sahun da ke jigilar mutane a ranar kasuwar Juma'a ta Wudil, na kamfanonin Indiya ne, haka ma kaso mai yawa na magungunan da ke kan kantocin kemis. Yaƙi mai tsawo a can zai bayyana a farashin kaya a nan.

Wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da masana yanayi ke hasashe. Wani bincike da masana daga Jami'ar Rutgers ta Amurka suka jagoranta, wanda mujallar Nature Food ta buga a 2022, ya auna abin da zai faru idan birane suka kama da wuta sakamakon yaƙin nukiliya. Hayaƙin zai hau can ƙololuwar sama inda ruwan sama ba ya wanke shi, ya tare hasken rana na shekaru, zafin duniya ya ragu, damina ta raunana. Binciken ya ƙiyasta cewa babban yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai na iya jefa rayukan mutane fiye da biliyan biyu cikin halaka ta hanyar yunwa. Manomin gero da dawa a Indabo ko Darki, wanda bai san inda Kashmir take ba, yana cikin wannan lissafi. Abin da gwajin Reggane ya nuna tun 1960 ke nan: iska ba ta neman biza.

Akwai ma alaƙa ta ƙarƙashin ƙasa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit da ke arewacin Nijar, kuma shi ne ma'adinin da ake tacewa a samu makamashin lantarki ko na bam. Shekara da shekaru kamfanonin Faransa ne ke riƙe da harkar, kafin gwamnatin sojan Nijar ta ƙwace lasisin Imouraren daga kamfanin Orano a 2024, ta kuma mayar da kamfanin SOMAÏR mallakar ƙasa a 2025. Sunan Nijar ya taɓa shiga cikin hujjojin yaƙi ma: zargin cewa Iraƙi ta nemi sayen yuraniyom daga can na cikin dalilan da aka gabatar kafin mamayar 2003, alhali Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya ta gano takardun na jabu ne.

Lokacin da aka nemi Najeriya ta ƙera nata

Tambayar da matasa ke yi a yau ba sabuwa ba ce. A shekarun 1970 da 1980 babbar abokiyar hamayyar Najeriya a nahiyar ita ce gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, wadda ake kyautata zaton tana ƙera bam a ɓoye. A laccocin da ya gabatar a BBC a 1979, Farfesa Ali Mazrui ɗan ƙasar Kenya ya ba da shawarar ƙasashe irin su Najeriya su nemi makamin, yana ganin hakan ne zai tilasta wa manyan ƙasashe su yarda a kawar da shi gaba ɗaya. A 1987 ministan harkokin wajen Najeriya, Farfesa Bolaji Akinyemi, ya yi kira da a samar da bam ɗin baƙar fata domin karya babakeren da wasu jinsuna suka yi wa makamin.

Zargin da ake yi wa Afirka ta Kudu ya tabbata. A ranar 24 ga Maris ɗin 1993 Shugaba F. W. de Klerk ya shaida wa majalisa cewa ƙasarsa ta ƙera bama-bamai shida, kuma ta riga ta wargaza su. Har yau ita kaɗai ce ƙasar da ta ƙera makamin da kanta sannan ta lalata shi. Bama-baman shida ba su ceci mulkin wariya ba, domin barazanar da ta kayar da shi daga cikin gida ta fito.

Najeriya ta bi wata hanya daban. Tana cikin ƙasashen farko da suka sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, ta mayar da Afirka nahiyar da aka haramta makamin a cikinta. A ranar 6 ga Agustan 2020, shekara 75 cif da harin Hiroshima, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta makaman baki ɗaya. Tukunyar nukiliya ɗaya da ƙasar ke da ita tana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙarama ce, ƙirar Sin, ta fara aiki a 2004 domin bincike da horar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon, wanda irinsa ake iya ƙera makami da shi, zuwa Sin.

Hujjar masu cewa an yi wauta

Ba za a yi adalci ba idan aka ƙi sauraren ɗaya ɓangaren. Yukren ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin Budapest na 1994 cewa za a mutunta iyakokinta. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka mata a 2022. Muammar Gaddafi ya yi watsi da shirinsa a Disambar 2003. A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi. Koriya ta Arewa ta yi gwaji a 2006, ba wanda ya mamaye ta. Iran, wadda ba ta da makamin, ta sha hare-haren Isra'ila da Amurka a watan Yunin 2025. Ga kuma rashin adalcin da ke cikin tsarin kansa: ƙasashe biyar aka halatta wa makamin, Amurka da Rasha kaɗai na riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ke duniya, kuma alkawarin kwance ɗamarar da suka ɗauka tun 1968 bai cika ba.

Waɗannan misalai suna tabbatar da abu ɗaya ne: bam na iya hana wata ƙasa mamaye wata. Tambayar ita ce ko wannan ce barazanar da ke gaban Najeriya. Pakistan na da kawuna kusan 170, amma ba su hana 'yan Taliban kashe mutane fiye da 140, galibinsu yara, a wata makaranta a Peshawar a Disambar 2014 ba. Makamin ba ya tsorata wanda ba shi da birnin da za a rusa. Ba shi da amfani a dajin Sambisa ko dazukan Zamfara, ba ya kuma tsare hanyar Birnin Gwari. Ƙasar da har yanzu lantarkin da take rabawa bai cika wuce megawat dubu biyar ba, tana da wurare da dama da suka fi cancantar kuɗin da ƙwararrun da shirin bam zai cinye, ban da takunkumin da zai biyo baya. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil zai fi samun abin yi da ilimin nukiliya a ɗakin gashin ciwon daji da binciken iri da samar da lantarki.

Abin da ya hana yaƙi a 2023

Arewacin Najeriya ya ɗanɗani zaman ɗar-ɗar da maƙwabci ba da daɗewa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojojin Nijar wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke lantarki, kasuwanci tsakanin Katsina da Maraɗi ya tsaya cik. Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su.

Ba a yi yaƙin ba. Sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi amincewa. Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Abdourahamane Tchiani a lokacin da jakadun ƙasashe suka kasa ganinsa, tawagar malaman addini ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. A watan Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe iyakarta. Dangantakar gwamnatocin biyu ba ta koma yadda take ba, amma abin da ya taka wa rikicin birki shi ne harshe ɗaya da auratayya da kasuwa da mutanen da ake jin kunyarsu a ɓangarorin biyu.

Mutanen Punjab ma harshensu ɗaya ne a Lahore da Amritsar, kuma kakanninsu sun ci kasuwa ɗaya. Shekaru fiye da saba'in na gaba sun tsinke yawancin waɗannan igiyoyi, har ya zamana abin da ya rage tsakaninsu shi ne tsoron juna da layin waya guda. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da Najeriya ke da shi a hannu shi ne zumuncin da har yanzu ke tsakaninta da maƙwabtanta, kuma kula da shi ya fi ƙera bam araha.